Rumfar da Aka Yi wa Kawu

Ruwa ake yi a Navua ranar da tsohuwar ta shigo ofishin 'yan sanda. Wannan ba abin faɗi ba ne, don a Navua ranar da ba a yi ruwa ba ita ake ba da labarinta.

Ta tsaya a gaban kanta da jiƙaƙƙen baƙin zane, jar laka har gwiwa. Kana ganinta ka san daga tudu ta sauko, kuma rabin hanyar a ƙafa ta yi shi.

Sufeto Waisake ya ajiye kofin shayinsa ya jawo mata kujera. Shi ma ɗan tudu ne, aiki ne ya kawo shi gaɓa, har ya yi tumbi irin na mutanen gaɓa.

"Zauna, Inna. Me ya faru?"

"Sunana Makarita, daga Vunidrau. An kashe yayana."

"Sunansa?"

Ta sunkuyar da kai.

Saje Unaisi, wadda ke riƙe da biro, ta harari Sufeto. Garinsu da nasa taubasai ne tun kaka da kakanni, saboda haka muƙami bai taɓa hana ta gaya masa magana ba.

"Yallaɓai, kifin gwangwani ya cinye maka ƙwaƙwalwa ne? Yayanta fa ta ce."

Kunya ta kama shi. A wajenmu mace ba ta kama sunan ɗan'uwanta namiji. Tun ranar da suka girma ba ta zama ɗaki ɗaya da shi, ba ta yi masa magana baki da baki. In da saƙo, sai ta ce da wani, "ka gaya masa," ko da yana zaune a gabanta.

"Ki yafe ni, Inna. Tsohon nan ne mai gadin bishiyoyi? Kalisito?"

Ta gyaɗa kai, hawaye suka zubo.

"A kan dutse suka tsince shi. Dagaci ya ce zamewa ya yi, a rufe shi a huta. Mutumin da ya fi awaki sanin dutsen nan! Kuma an tone Auta."

"Wace ce Auta?"

Sai ta yi musu bayani. Bishiyoyin drautabua na kan dutsen Vunidrau duk sun tsufa, kuma ba su da yawa. Suna zubar da 'ya'ya, ɓeraye da aladun daji su cinye. Sama da shekara ashirin yayanta yana tsince irin yana shukawa, ɗaya tak ta tsiro ta rayu. Ita ya sa wa Auta. Ba shi da ɗa, matarsa ta daɗe da rasuwa.

"In ta bar gajimaren can sama ba ta daɗewa," in ji Makarita. "In ta mutu, ya yi rayuwar banza ke nan. Ku nemo min ita da ranta, ku nemo min wanda ya yi wannan. Gari duka sun hana ni zuwa nan, na zo."

* * *

Tun kafin su isa Vunidrau Sufeto ya tsayar da mota ya cire hularsa don girmama gari, ya ɗauko damin saiwar kava, wadda ake kai wa manya gaisuwa a jiƙa a sha, daga bayan kujera. Ɗan sanda ne, amma ba zai shiga garin mutane hannu rabbana ba.

Dagaci Peniasi ya karɓi kavar, aka yi tafi, aka yi jawabin da aka saba. Dattijo ne mai faɗin fuska da sanyin murya, irin waɗanda suka fi son a binne magana da a tone ta.

"Yallaɓai, tsufa ne. Ƙafa ta goce, kai ya sami dutse. Baƙin ciki ne ya ɗauki 'yar'uwarmu har ta wahalar da ku."

"Tsufan ne ya tone bishiyar ma?"

Dagaci ya yi gyaran murya.

"To, in sai an nemi wani, akwai Rohitesh, yaron gidan renon itatuwa. Ya daɗe yana nacin a ba shi Auta. Sun sha yin cacar baki da marigayin."

A waje maza na kafa rumfar zaman makoki. Wani dogon mutum ne a kan tsani yana ɗaura kwano, yana aiki kamar wanda ke faɗa da katakon. Da aka kira shi ya sauko, idanunsa jajur.

"Ɗana ne, Romanu," in ji Makarita. "Shi kaɗai gare ni. A hannun kawunsa ya tashi."

"Yaushe rabonka da shi?" Sufeto ya tambaya.

"Tun jana'izar 'yata, Yallaɓai. Da damina ta fara."

"Ina kake aiki?"

"Kwalekwale nake tuƙawa a kogi. Ina Navua aka aiko min."

"Allah ya ba da haƙuri. Rashi biyu a shekara ɗaya."

Romanu ya koma kan tsaninsa.

Sufeto ya sa aka ɗauki gawar zuwa asibiti. Mata suka yi ta kuka, maza suka yi ta kallon ƙasa. Ya san ba a yafe masa ba.

* * *

Hawan dutsen ya ci su. Dagaci a gaba da adda, Unaisi a baya tana haki.

"Ku mutanen tudu me kuka yi wa Allah ne ya ajiye ku a nan?"

"Nesa ya yi da mu daga irinku," in ji Sufeto, shi ma numfashin da ƙyar.

A can sama sanyi ne, gajimare na ratsa mutum kamar hayaƙin murhu. Nan drautabua suke a jere a kan siririn tudu, gajeru, karkatattu, gansakuka ta lulluɓe su. Ba sa fure. Ganyensu sirara ne, jere biyu kamar haƙoran mataji, kore a sama, fari-fari a ƙasa.

Ramin yana gindin babbar cikinsu. An yanke shi a zagaye, tsaf, an ɗauke ƙasar gaba ɗaya da saiwarta.

"Wannan ba aikin gaggawa ba ne," in ji Unaisi. "Wanda ya yi ya iya dashe."

Sufeto ya durƙusa. A bakin ramin an ajiye saiwar kava guda, an karkata kanta wajen tsohuwar bishiyar, yadda ake ajiye ta a gaban manya.

"Ɓarawo mai ladabi," ya ce. "Ya nemi izini kafin ya tona."

Ƙasa kaɗan, inda tudun ya gangara, akwai wani dutse mai kaifi da busasshen jini a jikinsa. A daidai wurin an kafa sanda uku, an haɗe kawunansu, an ɗaure da jijiyar kurmi, an rufa faffaɗan ganyen bishiyar balabala a kai. Rumfa ce ƙarama, ba ta fi inuwar tukunya ba.

"Wa ya yi wannan?"

"Mu ne," in ji Dagaci da sauri. "Da muka same shi."

"Ku yi wa gawa rumfa, alhali ɗaukarta kuka zo yi?" Unaisi ta ɗaga ganyen. "Baba, ƙarƙashinta a bushe yake, jinin ma ruwa bai wanke shi ba. Kafin ruwan ranar ya yi ƙarfi aka yi ta."

Dagaci ya dubi gajimare, ya dubi addarsa.

"Haka muka tarar. Kansa na ƙarƙashinta."

"To me ya sa ka ce ku ne?"

"Yallaɓai, kai ma ɗan tudu ne. Gari ƙarami ne. In an tafi da gawa, mu za a bari da juna."

Kafin su sauko, Unaisi ta ɗauki hoton rumfar da wayarta.

* * *

Washegari suka sami Rohitesh a gidan renon itatuwa, cikin bukkar raga, yana feshin ruwa. Siriri ne mai tabarau, da ganin kaki ya sha jinin jikinsa.

"Yaushe rabonka da dutsen Vunidrau?"

"An daɗe, Yallaɓai. Tun bara."

Sufeto bai yi musu ba. Ya bi layin tukwanen a hankali, hannuwansa a baya, har ya tsaya a kan wani faranti da aka rufe da leda. Ya ɗaga. Ƙananan rassa ne a soke cikin yashi, ganye jere biyu, ɗanyu shar.

"Na bara ne waɗannan? Sun iya ƙuruciya."

Tabarau ya zame daga hancin Rohitesh.

"Na hau. Ranar na hau, ta bayan dutse. Ban bi ta gari ba, ban kai kava ba, na san da na nema hana ni za su yi. Rassa kawai na yanka, ko Allah zai sa su yi saiwa. Tsohon ya kama ni, ya zage ni tas, ya bi ni da sanda. Da ƙafarsa na bar shi, na rantse!"

"Auta fa?"

"Tana nan a wurinta. Ni in tone Auta? In kai ta ina? Nan ƙasa zafi zai dafa ta. Na roƙe shi ne a kewaye ta da waya saboda aladu, ba a ba ni ita ba. Ya ce ma ba tasa ba ce balle a yi shawara da shi. Wai akwai cibiyar jariri a ƙarƙashinta."

Sufeto da Saje suka dubi juna. Kowa a ƙasar nan ya san in an haifi yaro, cibiyarsa ta faɗi, ana binne ta a shuka itace a kai. Yawanci kwakwa ce. Ba su taɓa jin an yi da drautabua ba.

"Jaririn wa?"

"Bai faɗa ba."

Unaisi ta nuna masa hoton da ke wayarta.

"Ka san wannan?"

"Rumfar dashe ce. Haka yake yi wa Auta in rana ta buɗe. Sanda uku, ɗauri a kaikaice. Na gwada, tawa rushewa take yi." Ya ƙura wa hoton ido. "Amma me take yi a kan dutse?"

Unaisi ta mayar da wayar aljihu.

* * *

Suna cikin mota likita ta kira. Sufeto ya buɗe muryar wayar don Unaisi ta ji.

"Tsohon nan ba nan take ya mutu ba," in ji likita. "Ƙashin kai ya tsage kaɗan, amma jini ne ya ƙarar da shi, a hankali. Da wani ya danne wurin da tsumma ya ɗaure tamau, ina ga da ya kai asibiti."

"Akwai alamar duka?"

"Babu. Sai tafin hannunsa duka biyu, sun kuje, akwai ƙasa da ƙananan saiwoyi a ciki. Kamar ya riƙe wani abu an fizge."

Da ta kashe, Sufeto ya daɗe bai tayar da motar ba. Ruwa na dukan gilashi.

"Unaisi, in kin ga baƙo a kwance kansa na jini, me za ki yi?"

"In ɗaure masa mana."

"In kawunki ne fa? Yayan mahaifiyarki, wanda ya rene ki?"

Maimakon tsiyar da ta saba, sai ta dubi hannunta. Kan babba abu ne mai tsarki a wajenmu. Yaro ba ya miƙa hannu ta samansa, ba ya tsayawa a kansa, balle ya sa yatsa a gashinsa. Tun mutum bai iya magana ba ake dukan hannunsa a kan wannan, har hannun ya koya da kansa.

"Mutumin ya tsaya," in ji Sufeto. "Ya sari sanda, ya nemo jijiya, ya yi masa rumfa don kada ruwa ya taɓa masa fuska. Duk wannan lokacin jini na zuba a gabansa. Abu ɗaya ne ya kasa. Rohitesh da ya ɗaure kan, ko da gudu zai yi daga baya."

"Kuma ya ajiye kava," ta ce a hankali. "Bai ɗauki kansa ɓarawo ba."

"Wa ke ɗaukar kayan mutum da rana tsaka ba a ce masa ɓarawo ba?"

"Vasu."

Ɗan 'yar'uwa ke nan. A gidan kawunsa vasu sarki ne. Ya ga alade ya kama, ya ga tabarma ya naɗe, ya ga rediyo ya saɓa a kafaɗa, kawu sai dai ya yi dariya ya ce a ƙara masa. Kawun da ya ce wa vasu a'a, an gama da sunansa a gari.

"Romanu ya ce 'yarsa ta rasu da farkon damina," in ji Sufeto. "Nemo min inda aka rufe ta."

"Yallaɓai, uwarsa ce fa ta kawo ƙarar."

"Na sani."

Ranar ba ta sake tsokanarsa ba.

* * *

Maƙabartar tana bayan gonakin gwaza, kusa da teku, inda iska ke da gishiri. Ruwa ya ɗauke, rana ta fito da zafinta.

Tun daga nesa suka hango rumfar. Sanda uku, ganyen balabala, ɗauri a kaikaice.

Kabarin ƙarami ne, an kewaye shi da farin ƙyalle. An rubuta Litiana a jikin gicciyen. Wata mata ramammiya na durƙushe da buta tana zuba ruwa a gindin wani ɗan tsiro da bai wuce gwiwa ba. Ganyensa na ƙasa sun fara komawa ruwan ƙasa.

"Ke ce matar Romanu?" in ji Sufeto.

"Ni ce. Verenaisi."

"Daga ina wannan?"

"Kawu ne ya ba shi. Bishiyar Litiana ce, cibiyarta na cikin ƙasar." Ta shafa ganyen da ɗan yatsa. "Tun da zazzaɓi ya ɗauke ta ba na barci. Ina ganin rabinta na nan, rabinta na can sama cikin sanyi ita kaɗai. Na dame shi da kuka har ya je ya kawo. Amma ta ƙi cin ƙasar nan. Me ya sa take bushewa, Yallaɓai? Safe da yamma nake ba ta ruwa."

Sufeto Waisake ya yi shekaru yana kama mutane, ya ga gawa iri-iri. Bai taɓa jin ya tsani aikinsa kamar wannan lokacin ba.

"Ba ta rayuwa a nan, 'yata. In ta ƙara kwana biyu mutuwa za ta yi. Dole in mayar da ita."

"Za ku sake ɗauke min ita?"

Unaisi ce ta durƙusa ta rungume ta, suka yi kukan tare. Sufeto ya kira Rohitesh ya zo da tukunya da jiƙaƙƙen buhu. Da aka gama tonewa Verenaisi ta ɗago kai.

"Kawu ba ba shi ya yi ba, ko?"

Ba wanda ya iya dubanta.

* * *

Ranar jana'iza aka dawo da gawar Vunidrau. An shimfiɗa tabarmi masu ado, an jera gwaza da aladu na masu ta'aziyya, akwatin na cikin babban ɗaki, mata kewaye da shi. Makarita na zaune a waje bakin ƙofa, don ko a yau ba ta shiga inda yake.

Romanu na bayan coci yana haƙar kabari da wasu maza. Sufeto ya sallami sauran, ya ajiye tukunyar a bakin ramin.

Romanu ya dubi Auta. Shebur ya faɗi daga hannunsa.

"Ka ce rabonka da kawunka tun farkon damina," in ji Sufeto.

Romanu ya sunkuyar da kai.

"Wa ya koya maka ɗauri a kaikaice, Romanu?"

"Kawu."

"Fito mu yi magana."

Bai fito ba. Ya zauna a cikin ramin, bayansa jingine da jar ƙasa, ya fara magana kamar mai karanta abin da aka rubuta masa.

"Na je da kava. Na yi komai yadda ake yi. Na gama tonewa ke nan ya iso. Na ce Kawu, na zo ɗaukar ta Litiana. Ya ce a'a."

Ya share fuska da bayan hannu.

"Tun ina yaro bai taɓa ce min a'a ba. Na ɗauki addarsa, na ɗauki dokinsa, rigar da ya yi aure da ita ma na ɗauka, dariya yake yi. Ranar ya ce ɗauki gidan, ɗauki gonar, ɗauki raina, amma wannan in ta sauka mutuwa za ta yi. Na ce 'yata ma ai ta mutu, wa ya hana? Ya kama ƙasar da hannu biyu. Na ce ni vasu ne, sake min! Na fizga. Da ƙarfi na fizga, Yallaɓai, ina sane, raina a ɓace yake. Ya tafi da baya."

"Sai me?"

"Jini. Na miƙa hannu. Allah ya sani na miƙa. Hannun ya tsaya a iska, ya ƙi ƙarasawa. Kan Kawu ne fa! Ruwa ya fara, yana sauka a idonsa, sai na yi masa rumfa. Ita kaɗai na iya."

"Yana magana?"

"Yana yi. Ya ce tafi, tun da ka riga ka tone ta kada ka bar saiwar a iska. Ya ce zan huta in sauko. Ya ce kada ka gaya wa uwarka, ka ce zamewa na yi." Muryarsa ta karye. "Na bi maganarsa. Na sauka ta kogi, ban kira kowa ba. Na ce ai Kawu ne, dutse bai taɓa kayar da shi ba. Ƙarya nake wa kaina, tsoro ne ya hana ni shiga gari."

Ya ɗago kai.

"Da na ɗaure masa, da ya rayu?"

Sufeto ya so ya yi ƙarya. Ya ga Unaisi na roƙonsa da ido.

"Likita ta ce da wataƙila ya kai asibiti."

Kukan da Romanu ya yi ba irin na mutane ba ne. Shi ya jawo jama'a. Da Sufeto ya waiwaya sai ya ga Makarita a tsaye a kusurwar coci, hannunta dafe da bango. Ta ji komai.

Dagaci Peniasi ya matso, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Yallaɓai, bar mana shi. Mu kai tabua, haƙorin babban kifin teku, a nemi gafara a tsakanin dangi, a rufe. Ka duba tsohuwar nan. Wa ya rage mata?"

"Ku kai tabua, Baba, wannan naku ne. Amma rai ya salwanta, sai alƙali ya ji. Zan faɗa masa har rumfar."

Romanu ya fito daga ramin da kansa ya miƙa hannuwa. Unaisi ta dubi ankwar, ta mayar da ita aljihu.

Da suka zo wucewa ya tsaya a gaban uwarsa.

"Inna."

Ba ta dube shi ba. Ta sunkuya ta ɗauki tukunyar. A ƙa'ida shaida ce, wurinta ɗakin ajiya na ofis, inda za ta bushe kafin a sa ranar shari'a. Sufeto ya ce da Unaisi ta ɗauki hotonta, ya kau da kai.

Makarita ta nufi babban ɗaki. A bakin ƙofa ta yi ɗan jim, sannan ta shiga. Mata suka ja da baya, baki buɗe. Ta durƙusa daf da akwatin ta ajiye tukunyar.

"Kalisito," ta ce.

Tun suna yara rabon da sunan ya fita daga bakinta.

"Kalisito, ni ce Makarita. Ga Autarka na samo maka. Ni na je na kira su, ban san ɗana zan kira wa ba. Da na sani ma da na je. Ina ga da na je." Ta ɗora goshinta a kan katakon. "Kai kuma har kana mutuwa ɓoye min kake yi."

Ta daɗe a haka. Sannan ta tashi, ta goya tukunyar a bayanta da baƙin zane, ta fito. Rohitesh, wanda ya zo yau ta ƙofar gari da damin kavarsa, ya bi ta a baya da shebur.

Romanu na cikin mota, ya leƙo ta taga.

"Inna! Kada ki danne ƙasar da ƙarfi. Ki yi mata rumfa, ta sha rana da yawa. Inna, ki ce min wani abu!"

Makarita ta tsaya. Taku kaɗan ne tsakaninta da shi, amma Unaisi ta juya ta kalla.

"Saje," ta ce, "ki gaya masa na ji. Ki gaya masa akwai sanyi a inda za shi, ya riƙa rufe ƙirjinsa."

Unaisi ta juya wajen taga, ta maimaita masa kalma bayan kalma, kamar bai ji ba.

Sufeto ya tayar da mota. A madubi ya ga tsohuwar ta kama hanyar dutse, ganyen Auta na leƙowa ta saman kafaɗarta, har gajimare ya rufe su. A kujerar baya Romanu ya ɗora hannuwansa a kan cinya yana kallonsu, bai ɗago ba har Navua.